Daga Ba Guje Zuwa Boko: Tarihin Koyon Harafi a Suleja

A shekarar 1952 aka buga tarihin garin da a yau ake kira Suleja, a lokacin sunansa Abuja. Malam Hassan, wanda daga baya ya zama Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi na makarantar Midil ta Bida, su ne suka rubuta shi da Hausa, wani Bature mai suna Frank Heath ya mayar da shi Turanci aka buga a Ibadan. Littafin ya tattara labarin Makau da Abu Ja, da tsarin sarautun garin, da al'adun mutanensa, har masanin nan M. G. Smith ya jingina da shi ƙwarai a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Marubutan biyu 'ya'yan gidan sarauta ne, gidan da yake da Magatakarda tun kafin Bature ya tako ƙasar, gidan da malamansa suka san alƙalami da tawada kaka da kakanni. Amma da suka tashi ajiye tarihin iyayensu, da haruffan boko suka ajiye shi, cikin shekara 50 kacal bayan sojojin Ingila sun shiga garin a 1902. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan sauyi a matsayin abin da ba makawa sai ya faru, wai sabon rubutu ya fi tsohon inganci, don haka ya ture shi. Ni ban ga haka ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne, Hausawa sun riga sun gama ɓangare mafi wuya na mallakar aron rubutu, wato sa wa ƙaramin yaro baƙon harafi a baki da hannu har ya zama nasa. Ɓangaren da ya rage, daidaita ƙa'ida ɗaya da shigar da ita makaranta da maɗaba'a, shi ne bai sami mai yi ba. Akwai wata al'umma can gabashin duniya, Jafanawa, da ta bi hanya mai kama da tamu ta kuma kai ƙarshenta, kuma duba nata labarin zai taimaka a gane inda tamu ta tsaya.

Suleja shaida ce mai nauyi a wannan magana saboda yadda aka kafa ta. Da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka Zuba a ƙasar Koro. Tarihin garin ya ce yana filin idi a bayan gari aka auka masa. Ya rasu a fagen yaƙi wajen Lapai a 1825, ƙanensa Abubakar Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 a gefen kogin Iku, ba nisa da Dutsen Zuma, a tsakiyar Gwari da Koro da Gade. Garin bai taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, sarakunansa kuma ba su daina amsa sunan Sarkin Zazzau ba. Duk da haka a fadarsa akwai rukunin malamai masu muƙami, Limamin Juma'a da Salanke da Magajin Malam, waɗanda ke da ta cewa wajen naɗin sabon sarki, ga kuma Magatakarda mai rubuta wa sarki wasiƙu. Wannan ya isa ya nuna cewa allo da tawada sun girmi jihadi a ƙasar Hausa, domin waɗanda jihadin ya kora ma da malamansu suka yi hijira. Hanyar koyar da harafi da suka zo da ita daga Zariya ita ce hanyar Kano da Katsina da Gobir, kuma har yanzu ana jin amonta a zaurukan garin da safe da almuru.

Ga yadda take. Yaro yakan fara da kunne, ya haddace Fatiha da gajerun surori da ka kafin ya san ko harafi ɗaya. Sannan malam ya ɗauki ɗan ƙaramin allo, ya tsoma alƙalamin kara a tawadar da aka dama da baƙin gawayi da ƙaro, ya zana haruffa manya-manya, tsirara, babu wasali ko ɗaya. Wannan shi ne babbaƙu. Yaron ya zauna ya ɗora allon a cinya, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin harafin farko, malam ko wani gardi ya kira sunansa, shi kuma ya maimaita da ƙarfi, yatsan ya matsa gaba, a kira na biye. Ba a bin jerin haruffa daga alif zuwa ya. Ana bin su ne yadda suka zo a cikin surar da yaron ya riga ya sani a ka, don haka ido yana ganin abin da kunne ya saba da shi. In ya iya biya allonsa ba tuntuɓe, a ba shi izini ya wanke, ya jingina shi a rana ya bushe, a rubuta masa na gaba. Bayan babbaƙu sai farfaru, a koma farko, wannan karo da wasulla: wasalin bisa, wasalin ƙasa, rufu'a, ɗauri. Daga nan sai tattashiya, inda zai fara haɗa gaɓa da gaɓa kalma ta tashi. Rubutu da hannunsa yana zuwa ne daga baya, ya fara da bin sawun abin da malam ya zana masa, har ya kai ga yin satu, wato ya duba takarda ya kwafa a allonsa da kansa.

Gwanintar tana cikin sunayen. Harafin Larabci yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma, farko ko tsakiya ko ƙarshe ko shi kaɗai, kuma wannan shi ne babban abin da ke rikita mai koyo. Littattafan nahawun Larabci suna ba harafi suna ɗaya, su bar ɗalibi ya gane cewa siffofi uku ko huɗu duk abu ɗaya ne. Malamin Hausa bai yarda ya ɗora wa ɗan shekara biyar wannan nauyi ba, sai ya raɗa wa kowace siffa sunanta, da Hausa, daga abin da ido ke gani. Ba ɗin da wutsiyarta ta miƙe a ƙarshen kalma ita ce ba guje. Jim ɗin da ya lanƙwasa ya juya shi ne jim ƙarami koma baya. Ɗigo ya zama ruwa, don haka ha ƙarami in ya ɗauki ɗigo a ka ya zama ha mai ruwa. Akwai ha babba da ha kuri da ta kuri, akwai lam ara da lam jaye da mim jaye da nun ara, akwai ɗa mai hannu saboda sandar da ke tsaye a kansa, akwai alu ja da ake zanawa da jar tawada. Ainun da ya faɗo tsakiyar kalma, mai siffar kusurwa uku, an kira shi likkafa, kuma duk yaron da ya taɓa ganin doki da sirdi a ƙofar fada ba zai manta da shi ba. Sunayen sukan ɗan saɓa daga gari zuwa gari, amma dabarar ɗaya ce. Furuci ma an lanƙwasa shi ya dace da bakin Bahaushe. Harafin da ke da ɗigo uku a sama mai kama da ta, an kira shi ca. Harafin da ake kira lodi ana furta shi kusa da lam, shi ya sa kalmomin da suka shigo Hausa ta hanyar allo suka zama alƙali da alwala da farilla. Salon rubutun kansa na Magrib ne, mai tafiya da ruwayar Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Mutanen da suka tsara wannan duka sun yi dogon nazari kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke kama abu, ko da ba su bar mana littafi a kan haka ba, kuma ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Jafanawa su ma ba su da rubutu na kansu sai da suka ara daga Sin, kuma abin da suka aro bai dace da harshensu ba ko kusa. Rubutun Sinanci zane ne mai ɗauke da ma'anar kalma, Jafananci kuwa harshe ne mai ɗafe-ɗafe a ƙarshen aikatau. Sai marubuta suka fara ɗaukar wasu zanen Sinanci suna amfani da sautinsu kawai, suna watsar da ma'anar. Da hannu ya saba, aka riƙa jan su da sauri da burushi, layuka suna haɗewa suna zagayewa, har wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 suka zama wasu haruffa na daban masu sauƙi, kowanne yana tsayawa a madadin gaɓa ɗaya. Su ne hiragana. Manyan maza na fada sun ci gaba da rubuta al'amuran mulki da addini da Sinanci, ana kallon hiragana a matsayin rubutun cikin gida, har ana kiransa hannun mata. Amma da shi aka tattara kundin waƙoƙin fada na Kokinshu wajen 905, da shi kuma wata mata 'yar fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta labarin Genji a farkon ƙarni na 11, littafin da har yau Jafan ke tinƙaho da shi. Duk wanda ya san matsayin ajami a gaban Larabci a ƙasar Hausa zai gane wannan yanayi. Larabci ne harshen fiƙihu da wasiƙar sarki, ajami kuwa na waƙar wa'azi ne da za a rera wa wanda bai je makarantar ilimi ba, kuma a cikin waɗanda suka fi ɗaukaka shi akwai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, wadda jajinta ke kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru.

Hanyar koyarwar ma tana da kama. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, 'ya'yan talakawa suna zuwa ƙananan makarantun unguwa da ake kira terakoya, inda malami ɗaya ke zama da yara masu shekaru daban-daban, kowa da darasinsa. Suna fara haruffa ne da wata tsohuwar waƙa mai suna Iroha, wadda ta ƙunshi kowane harafi sau ɗaya, wato su ma ta cikin abin da aka haddace suke shiga rubutu. Har yau ɗan aji ɗaya a Jafan yana koyon haruffa 46 na asali, kuma ba a barinsa ya zana su yadda ya ga dama. Harafin farko, あ, mai sautin a, ja uku ne: ɗan gajeren layi daga hagu zuwa dama, sai layi daga sama ya ratsa shi ya sauko, sai na uku ya faro daga dama ya gangaro hagu ya yi zobe ya zagayo ya ƙare a dama. Yaro yana ja yana furtawa, a cikin akwati mai layin giciye da ke nuna masa inda kowane ja zai fara. Wasullansu biyar ne kamar namu. Inda sauti ya rasa harafi kuma, ƙari suka yi a kan wanda ke akwai: ɗan ja biyu a kafaɗar ka ya mayar da shi ga, ta ya zama da, ɗan da'ira a kan ha ya mayar da shi pa. Haka malaman Hausa suka yi da suka ƙara ɗigo a kan ɗa mai hannu don ya ba da tsa, suka kuma ɗauko ɗigon imala na Warshu suka sa shi a ƙarƙashin harafi don ya ba da wasalin e.

Suka ta farko da ake yi wa wannan ra'ayi nawa ita ce ajami bai taɓa iya ɗaukar Hausa yadda ya kamata ba. Akwai gaskiya a ciki. Rufu'a ɗaya ce ke ba da u da o, marubuta da yawa ba su raba b da ɓ ba, gaɓoɓi irin su kya da gwa suna wahalar fita, kuma yadda Basakkwace ke rubuta wani sauti ba lallai ya zo daidai da na Bakano ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta tsohuwar waƙar da bai taɓa jin an rera ba ya san wannan wahala. Amma a auna da adalci. Ajami yana nuna dogon wasali da gajere, da alif da wau da ya, abin da boko har yau ba ya yi. A boko garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka dafa abinci da dafa kafaɗa, mai karatu ne ke cike giɓin daga ma'anar jimla. Karin sauti kuwa, hawa da saukar murya da ke raba kalmomi da yawa a Hausa, babu wanda ya rubuta shi a cikin biyun, kamar yadda hiragana ma ba ya rubuta nasu. Kowane rubutu a duniya yana barin wani abu ga mai harshen ya cike. Kuma ajami ya ɗauki zube mai tsawo, ba waƙa kaɗai ba: Alhaji Umaru, wanda ya tashi a Kano ya zauna Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya rubuta shafuka masu yawa da shi kan tarihi da sana'o'i da zaman Hausawa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, rikicewar da ake zargin ajami da ita, hiragana ya zauna cikinta kusan shekara dubu. Kafin 1900 sauti ɗaya yana iya samun haruffa uku ko huɗu ko fiye, kowane marubuci da wanda hannunsa ya fi so. A shekarar ce gwamnati ta fitar da dokar makarantun firamare da ta tsayar da harafi ɗaya ga kowane sauti, sauran suka koma kayan masu ƙawata rubutu da allunan tsofaffin shaguna. Ko bayan haka rubutu bai bi furuci ba, domin kalmar da ke nufin yau ana rubuta ta kefu ana furta ta kyo, sai a 1946 aka gyara wannan. Kuma an sha matsa wa Jafanawa su watsar da nasu su ɗauki haruffan Turawa. An kafa ƙungiya don haka a 1885, tawagar masana ilimi ta Amurka ma ta ba da wannan shawara a 1946, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mamaya. Ba su ɗauka ba. Rubutu mai tawaya ana gyara shi ne da zama da yanke shawara da buga littafin aji ɗaya, kuma gyaran da ajami ke bukata bai kai wanda hiragana ya bukata ba.

A ƙasar Hausa masu ikon yanke shawarar a wancan lokaci ba Hausawa ba ne. Turawan mishan irin su J. F. Schön sun fara rubuta Hausa da haruffan Rumawa tun tsakiyar ƙarni na 19, ko da yake C. H. Robinson ya buga waƙoƙin Hausa da ajami a 1896. Da Lugard ya kama mulkin Arewa, gwamnatinsa ta ƙiyasta makarantun allo fiye da 20,000, wato akwai dubban mutane da suka riga suka san haruffan Larabci. Duk da haka aka zaɓi boko ya zama rubutun ofis, domin shi ne jami'an Ingila ke iya karantawa ba wahala, shi ne kuma ke cikin keken rubutu da maɗaba'ar da ke hannunsu. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Boko ɗin ma bai zo a gyare ba. An yi shekaru ana fama da yadda za a rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wani ya sa ɗigo a ƙasa, wani ya sa waƙafi a gaba, kamar yadda ake gani a ƙamus ɗin Bargery na 1934, sai a shekarun 1930 ɗin ne, ƙarƙashin Rupert East a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka zauna. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Yaƙi da Jahilci da Hukumar Harshen Hausa suka biyo a shekarun 1950, aka yi taron Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsunan yankin. Duk wannan aiki na hukuma da kwamiti da maɗaba'a, wanda ya ɗauki fiye da rabin ƙarni, a kan boko aka zuba shi. Da an zuba ko rabinsa a kan ajami, da maganar u da o ta daɗe da zama tarihi.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba ta barin mu ɗora wa Bature laifin duka. Makarantar allo ba a kafa ta don koyar da rubutun Hausa ba. Manufarta Alƙur'ani ce, kuma ta cika manufarta, ta fitar da alarammomi da gwanaye masu rubuta izu sittin da ka. Ajami abu ne da almajiri ke tsinta a gefe, babu ranar da malam ke cewa yau za mu rubuta sunan garinku ko wasiƙa zuwa ga mahaifinka. Terakoya kuwa da harshen gida take aiki tun ranar farko, littattafan kwafinta samfurin wasiƙu ne da sunayen garuruwa da kayan kasuwa, ana haɗawa da lissafi. Don haka yaron Jafan yana fita da rubutun da zai yi ciniki da shi, namu kuwa yana iya kai wa sauka, a yi masa zayyana a allo, a yanka rago, bai taɓa rubuta jimla ɗaya da harshen uwarsa ba. Na yarda da wannan, kuma a ganina nan ne babban giɓin yake. Manyan malamai sun ɗauki Larabci shi ne rubutu na gaske, ba su ga dalilin zama su daidaita ajami ba, kuma daular Sakkwato, wadda take da iko da malaman da za su iya, da Larabci ta gudanar da mulkinta. Sai dai a tuna da abin da ke hannun kowa. Jafan tana yin takardarta, tana da maɗaba'ar katako mai fitar da littattafai masu araha tun ƙarni na 17. Takardar da malamin Zazzau ko na Abuja ke rubutu a kai daga Italiya take fitowa, mai alamar jinjirin wata uku, ta ratso Sahara a bayan raƙumi, shi ya sa allon da ake wankewa ya zama littafin yaro. Rubutun da ba a buga shi da yawa ba ya samun abin da zai tilasta masa zama iri ɗaya. Lokacin da maɗaba'a ta iso, ta iso ne a hannun masu wani rubutun.

A Abuja sauyin ya zo ta cikin fada. Sulaimanu Barau, ɗan Sarki Muhammadu Gani, ya yi Kwalejin Katsina, ya yi aikin koyarwa, ya hau gadon sarauta a 1944, ana kuma lissafa shi a matsayin sarki na farko a Arewa da ya yi zurfi a karatun boko. Shi da 'yan uwansa marubutan tarihin garin ba su yi kuskure ba da suka kama abin da zai buɗe wa garinsu ƙofa, kuma ba don boko ba da tarihin Makau bai kai hannun masu karatu a Ibadan da Landan ba. Ya yi mulki har 1979, a zamaninsa ne gwamnatin Murtala ta yanke shawara a 1976 a gina sabon babban birni a ƙasar da wani yanki nata na masarautarsa ne, garin ya ba da sunansa ya ɗauki Suleja daga sunan sarkin. Babu mai hankalin da zai ce a yau a kwashe littattafan boko na shekara ɗari a koma baya. Boko ya zama namu, da shi Abubakar Imam ya yi rubutu, da shi ake buga labaran soyayya na Kano, da shi ake aika saƙo a waya.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, da aka ɗauki sabon harafi ba a ɗauko tsohuwar gwanintar koyar da shi ba. A ajin firamare yaro Bahaushe yana rera ei, bi, si, sunayen Turanci da ba su da alaƙa da sautin da haruffan ke bayarwa a Hausa. Harafin da aka ce masa si ne, in ya zo karanta ciki ko cokali sai ya tarar ca ne. Wanda aka ce masa i ne, e ne a Hausa, wanda aka ce masa ai ne kuma shi ne i. Haruffan da suka fi zama namu, ƙ da ɗ da ɓ, ba su cikin waƙar ma sam, ba su da wani suna da ya wuce mai ƙugiya ko mai lanƙwasa, kuma da yawa sukan gama sakandare ba su saba sa ƙugiyar ba, su rubuta kofa da baki da dan'uwa su wuce. Kakannin yaron nan sun raba ha ƙarami da ha mai ruwa suna 'yan shekara biyar saboda an ba ɗigon suna, an sa yatsa a kansa, an faɗe shi da baki sau ɗari. Manhajojin koyon karatu da aka gwada a wasu jihohin Arewa a 'yan shekarun nan, masu fara wa yaro da sautin harafi da gaɓa a harshen gida kafin Turanci, sun dawo ne kusa da abin da farfaru da tattashiya ke yi tun da.

Suleja ta yau gari ne cunkushe a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, mazaunin dubban ma'aikatan da ke kwana nan su yi sammako zuwa babban birni, inda Hausa ke zaman harshen kasuwa tsakanin Bagwari da Banufe da Bayarabe da Ibo. Yaron da ya tashi a tsofaffin unguwanninta yana iya haɗuwa da tsarin haruffa uku a yini ɗaya: allo da rubutun Warshu da asuba, boko da sunayen Turanci da hantsi, Islamiyya da yamma inda ake karatu da bugun Hafsu, fa da ɗigo a sama, haruffa kuma da sunayensu na Larabci. A cikin ukun babu inda ake zaunar da shi a koya masa rubuta Hausa da haruffan da ya fara sani. Wurin da ya fi saurin ganin ajami a buge shi ne takardar kuɗi, kuma can ma yana raguwa: an cire shi daga naira 5 zuwa naira 50 a 2007, aka cire daga sabuwar naira 100 a 2014, ya saura a kan 200 da 500 da 1,000. A gidajen malamai na garin, kamar na sauran garuruwan Hausa, akwai gafakoki da tsofaffin takardu, kuma masu iya karanta abin da aka rubuta a ciki da Hausa su ne waɗanda suka bi ta babbaƙu da farfaru. Ƙara wa almajirin da ya kai satu darasin rubuta harshensa ba ya bukatar sabon gini ko baƙon malami, yana bukatar jami'o'in da ke nazarin Hausa da alarammomi su zauna su tsayar da harafi ɗaya ga ɓ, alama ɗaya ga o, su buga ɗan littafin da bai wuce shafi 30 ba.